Kuɗin da Mai Gida Ya Faɗa da Kuɗin da Gidan Ya Kai: Yadda Ake Auna Gidan Bayan Gari Idan Kasuwa Ta Fara Sauka

A daminar da ta wuce Baffana ya ce in raka shi ganin wani gida da aka yi masa tallansa a can gefen Kano, gaba kaɗan da inda kwalta ta ƙare. Ya yi ritaya, an biya shi giratuti, yana son ya zuba kuɗin a abin da zai bar wa 'ya'yansa. Dillalin ya daɗe yana kokawa da kwaɗon ƙofa saboda tsatsa. Da muka shiga, ciyawa ta kai gwiwa a tsakar gida, silin na falo ya yi taswirar ruwa a kusurwa, lambar wayar da aka rubuta da fenti a jikin katanga kuwa ta koɗe har sai mutum ya matso kafin ya karanta. Ɗaki uku da falo, da rijiya. Naira miliyan 40.

"Alhaji, wallahi bara an taya miliyan 38, mai shi ya ce albarka," in ji dillalin.

Na ce, "Malam, tun yaushe gidan yake kasuwa?"

Ya yi ɗan jim, sannan ya ce ya kusa shekara biyu.

Baffa ya ɗauki maganar miliyan 38 ɗin a matsayin shaidar cewa gidan ya kai kuɗinsa. Ni kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekara biyun, da tsatsar kwaɗon, da ciyawar. Su ma shaidu ne, kuma sun fi dillali faɗin gaskiya. Tun ranar nake son in zauna in warware wannan lamari, domin mutanenmu da yawa suna zuba gumin shekara talatin a gida ɗaya, kuma abin da suke auna shi da shi bai wuce abin da mai gida ya furta ba.

Kasuwar gida ba ta faɗuwa irin ta tumatir. Idan motoci suka yi yawa a 'Yankaba, kafin azahar kwando ya karye, domin mai tumatir ya san in ya kwana da shi ya ruɓe. Gida ba ya ruɓewa a kwana ɗaya. Mai shi zai iya kulle ƙofa ya jira, yana riƙe da kuɗin da ya ji an sayar da na maƙwabcinsa a lokacin da kasuwa take ci. Saboda haka idan kasuwar gidaje ta juya, ciniki ne yake fara tsayawa. Gidaje su yi kwantai, alluna su koɗe, kuɗin da ake faɗa kuwa yana nan daram, sai daga baya ya biyo sahu.

Babu inda aka ga wannan ƙarara kamar Amurka, kuma can ne aka ajiye lissafin da za a iya bi. A 2005 an sayar da sababbin gidaje kusan miliyan 1.28 a ƙasar. Daga nan ciniki ya fara ja da baya, amma farashi ya ci gaba da hawa har tsakiyar 2006. Babban bankin ƙasar, wanda kuɗin ruwansa yake kashi 1 cikin 100 a 2003, ya kai shi 5.25 a watan Yunin 2006, bashin sayen gida ya yi tsada, masu saye suka ragu. Akwai ma'aunin da masana tattalin arziki biyu, Karl Case da Robert Shiller, suka ƙirƙira, wanda yake bin gida ɗaya ya kwatanta kuɗin da aka sayar da shi a da da wanda aka sake sayar da shi. A wannan ma'auni, farashin gidaje a faɗin ƙasar ya sauka da kusan kashi 27 cikin 100 tsakanin 2006 da farkon 2012. A Las Vegas da Phoenix ya zube da fiye da rabi. Zuwa 2011 sababbin gidajen da aka sayar a shekara sun koma kusan 306,000.

A lura da tsawon lokacin: kusan shekara shida. Wanda ya sayi gida a 2008, shekarar da bankin Lehman Brothers ya durƙushe, yana murna an rage masa a kan kuɗin 2006, sai da ya zauna yana kallon darajar gidan tana ci gaba da sauka shekara uku ko huɗu. An kai lokacin da kusan gida ɗaya cikin huɗu na waɗanda ke da bashin banki a kansu, bashin ya fi ƙarfin kuɗin gidan. Kuskuren waɗannan mutane guda ne, kuma shi ne wanda Baffa ya kusa yi. Sun auna rahusa daga ƙololuwa. Idan abu ya ninka kuɗinsa ba bisa dalili ba, aka rage maka kashi 15, har yanzu kana cikin tsada.

Me ya sa masu gida suke kafewa haka? Wasu masana biyu, David Genesove da Christopher Mayer, sun bi cinikin gidajen bene a tsakiyar birnin Boston a shekarun 1990, bayan kasuwar can ta faɗi, suka fitar da sakamakon a 2001. Sun gano cewa mutumin da zai yi asara in ya sayar yana ɗora kashi 25 zuwa 35 na wannan asarar a kan kuɗin da yake nema, kuma gidansa ya fi na saura daɗewa ba a saya ba. Wato gidaje biyu iri ɗaya a bene ɗaya, kuɗinsu ya bambanta saboda kawai ɗaya mai shi ya saya da tsada. Wannan halin ɗan Adam ne, kuma ban ga laifin mai shi ba, asara tana da ciwo. Amma mai saye ba shi ne zai biya wannan ciwon ba. Duk lokacin da aka ce maka "ai shi ma miliyan kaza ya kashe a ciki", an ba ka tarihin mai gida ne, ba a gaya maka komai game da gidan ba.

To da me za a auna?

Abu na farko shi ne cinikin da aka ƙulla aka biya, a unguwar, cikin 'yan watannin nan. Tayin da aka yi bara aka ƙi sallamawa ba ciniki ba ne, kuma babu tabbacin mai tayin yana nan da kuɗinsa. A Amurka ana rubuta kuɗin da aka sayar da gida a mafi yawan jihohi, kowa yana iya dubawa. Mu nan sai an taka ƙasa. Mai unguwa yana sanin gidan da ya sauya hannu, shaidun da suka sa hannu sun san nawa aka ƙirga, magina da masu shagon bakin layi su ma suna ji. A tambayi dillali fiye da ɗaya, kuma a tuna cewa la'adarsa tana hawa ne idan kuɗin ya hau. Akwai maganar da za ka ji idan ka kawo misalin gidan da aka sayar da araha: "Ai wancan na gaggawa ne, magada ne suke son raba gado," ko "bashi ne ya ci mai shi." Idan guda ɗaya ne cikin goma, maganar tana da nauyi. Idan kuwa duk gidajen da suka fita a unguwar cikin wata shida irin waɗannan ne, to su ne kasuwar. Haka aka yi a Las Vegas a 2009, inda mafi yawan gidajen da ake sayarwa waɗanda bankuna suka ƙwace ne ko waɗanda bashi ya tilasta wa masu su. Masu riƙe da tsohon farashi suka yi ta cewa waɗannan ba a lissafa su, alhali babu wani cinikin da ake yi sai su.

Kamfanonin gine-gine kuma suna da tasu dabarar. Ba sa son rage kuɗin da ke kan takarda, domin waɗanda suka riga suka saya za su yi ƙorafi, sauran gidajen kuma su faɗi. Sai su bar kuɗin a inda yake su ƙara kyauta: a Amurka har mota wasu suka riƙa haɗawa, ko su biya wa mai saye kuɗin takardu. Idan ka ga rukunin gidaje a Lugbe ko Kuje an fara cewa a biya a hankali cikin shekara biyu ba tare da ƙari ba, ko an haɗa da sola, to ragi ne aka sa masa riga. A cire darajar kyautar daga kuɗin, abin da ya rage shi ne farashin gaskiya.

Ma'aunin da na fi yarda da shi kuwa shi ne haya. Mai saye yana iya biyan kuɗi saboda fatan gobe gida zai tashi, amma ɗan haya ba ya biyan fata. Yana biyan abin da zaman gidan ya kai masa a bana, daga abin da ke aljihunsa. Shi ya sa a Amurka, shekarun da farashin gidaje yake tsalle, haya tafiyar hawainiya take yi, kuma wannan tazarar ita ce ta fara tona asirin kasuwar.

Lissafin ba shi da wuya. Gidan da muka gani, mun tambayi wani maƙwabci nawa ake ba da hayar irinsa a layin, ya ce in an yi sa'a miliyan 1.5 a shekara. A raba miliyan 40 da miliyan 1.5, za a samu shekara 26 da 'yan watanni kafin haya ta mayar da uwar kuɗi. Wato kashi 3.75 cikin 100 a shekara, tun ba a cire gyaran rufi da fenti da yashe masai ba, da watannin da gida zai zauna ba kowa tsakanin ɗan haya da ɗan haya, da wanda zai shekara bai biya ba a yi ta kai ruwa rana. In an cire waɗannan, da ƙyar ya haura kashi 3. Sai a ajiye shi kusa da wani wurin da kuɗin zai iya zama. Ga wanda ba ya son kuɗin ruwa, sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 ya zo da ribar kashi 16.47 a shekara. Gaskiya ne kwatancin ba daidai wa daida ba ne, domin haya tana tashi da tsadar rayuwa kuma ginin yana nan, takarda kuwa naira ce tsagwaronta. Amma tazara tsakanin 3 da 16 ta yi yawa da za a cike ta da "ai ƙasa ba ta faɗuwa". Wanda ya sayi gidan a miliyan 40 caca yake yi cewa wani zai zo ya biya fiye da haka, kuma a kasuwar da gida yake shekara biyu ba a saya ba, wannan mutumin ba a gan shi ba tukuna.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu ya shafi kowane gida. Na bayan gari yana da wata matsala tasa, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗuwa.

A cikin gari ƙasa ta ƙare. Ba za a ƙirƙiro sabon fili a Nasarawa GRA ko Maitama ba, don haka wanda yake son wurin dole ya saya daga hannun wanda ke ciki. A bayan gari kuwa, abokin gasar gidanka shi ne gonar da ke bayansa, wadda gobe za a yanka ta fuloti-fuloti. Akwai wani gari mai suna Maricopa a kudancin Phoenix, tafiyar kusan kilomita 55. A ƙidayar 2000 mutanensa dubu ɗaya ne da 'yan kai, gonaki ne suka kewaye shi. A ƙidayar 2010 sun haura 43,000. Mutane sun je can ne domin kuɗinsu bai kai su sayi gida kusa da wurin aiki ba, kamfanoni kuma suka yi ta jera gidaje iri ɗaya a sahara, saboda fili ba ya ƙarewa. Da kasuwa ta juya, irin waɗannan garuruwa ne suka fi shan kashi. Gidan da ke da tagwaye ɗari a layi, kuma ana iya gina wani ɗarin a gefensa, ba shi da abin da zai riƙe kuɗinsa.

Wannan ya ba mai saye wani ma'auni mai sauƙi. Nawa ne fili irin wannan a layin nan yau? Nawa magini zai gina irin gidan da kuɗin siminti da rodi da kwano na yau? A haɗa biyun, a rage wani abu saboda tsufan ginin da gyaran da yake jira, a ƙara ɗan wani abu saboda an hutar da kai wahalar gini. Idan abin da ake nema ya zarce wannan nesa, kuma ga filaye birjik, babu dalilin biya. Sai dai ma'aunin nan rufi ne, yana nuna iyakar abin da bai kamata a haura ba. Ba ya hana gida faɗuwa ƙasa da kuɗin gininsa. A ƙasar Ayalan, bayan 2008, an bar rukunin gidaje sababbi fil a gefen ƙauyuka babu mai shiga, kuma kuɗin da aka kashe a kansu bai cece su ba. Tsadar siminti ba ta haifar da mai saye.

Sai hanya. Gidan bayan gari yana da araha ne saboda mai shi zai biya sauran a kan titi, kowace safiya. A bazarar 2008 galan ɗin fetur ya haura dala 4 a Amurka, daidai lokacin da gidajen nesa suke zubewa. Mu ma mun ɗanɗani namu tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. A ce mutum yana zaune kilomita 25 daga wurin aikinsa, kamar mai fitowa daga Masaka ko Kubwa zuwa tsakiyar Abuja, motarsa tana shan lita ɗaya a kilomita 10. Zuwa da dawowa lita 5 ke nan, a kwana 22 na aiki lita 110, a shekara 1,320. Lokacin da lita take wajen naira 200, abin da zai kashe 264,000 ne. Da ta kai 1,000 a ƙarshen 2024, ya koma miliyan 1.32. Fiye da miliyan ɗaya ta ƙaru a shekara, kuma daga aljihun da ake biyan haya za ta fita. Ba zai yiwu zama a wuri ya ƙara tsada haka sannan a ce darajar gidan wurin ba ta taɓu ba. Wani zai ce ai tsadar haya a cikin gari tana koro mutane zuwa waje, kuma haka ne, ana ganinsa. Shi ya sa ba a yi wa bayan gari kuɗin goro. Unguwar da ke da motar haya ko a-daidaita-sahu har ƙofar gida, da makaranta da kasuwa a kusa, tana iya cin ribar wannan ƙaura. Wadda sai da motarka, ga laka in an yi ruwa, ga jiran a kawo turakun wuta, ita ce take biyan kuɗin fetur da darajarta. Ka je gidan da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin, ka kuma je bayan an tafka ruwan sama, kafin ka buɗe baki ka yi tayi.

Akwai abin da yake rufe mana ido a Najeriya wanda Ba'amurke bai sha fama da shi ba. Can adadin dalar da ake sayar da gida ne ya ragu a kan takarda, kowa ya gani. Nan kuma adadin naira ba ya sauka, shi ya sa ake rantsuwa cewa gida bai taɓa faɗuwa ba. Shi Shiller, da ya tattara farashin gidajen Amurka tun daga 1890, sai da ya cire hauhawar farashi kafin ya ga ainihin hoton, kuma abin da ya fito shi ne cikin kusan shekara ɗari darajar gida ba ta yi wani motsin kirki ba, kafin tsallen da ya fara a ƙarshen shekarun 1990. Mu yi irin wannan cirewar. A watan Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024. A ce mutum ya sayi gida miliyan 30, bayan shekara biyu aka saya miliyan 40, zai ce ya ci ribar miliyan 10. Amma in kaya suna tashi da kashi 30 a shekara, yana bukatar miliyan 50.7 kafin ya iya sayen buhunan masara da siminti da miliyan 30 ɗinsa take saya a da. Ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar, yana murna.

Wannan takobi ne mai kaifi biyu, kuma dole mai saye ya riƙe shi da kyau. Gidan da aka kafe shi a miliyan 40 shekara biyu, a zahiri yana ta raguwa a ɓoye, har wata rana ya zo daidai da darajarsa ba tare da mai shi ya rage ko kwabo ba. Haka kuma kuɗin mai saye da ke kwance a banki su ma suna narkewa. Ba'amurken da ya jira daga 2007 zuwa 2011 da dalarsa a hannu ya ci riba. Wanda ya jira da naira a kwance a 'yan shekarun nan bai ci ba. Don haka jira yana da amfani ne kawai idan kuɗin suna wani wuri da suke aiki, kuma hujjar "sayi kafin naira ta ƙara faɗuwa" tana nuna cewa a sayi kadara, ba ta nuna cewa a sayi wannan gidan a wannan kuɗin.

Takarda kuma tana cikin farashi. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma gidan da ke da takardar mallaka ta gwamnati ba ɗaya yake da na awon igiya da ke da takardar mai unguwa kawai ba. Lokacin da kasuwa take ci mutane suna kawar da kai. Idan ta yi sanyi, masu saye sun yi kaɗan kuma suna zaɓe, marar takarda ne yake fara yin kwantai. A duba a ofishin ajiye bayanan filaye, a Abuja AGIS, a Kano KANGIS, kafin a ba da kafin alƙalami.

Wanda zai zauna a gidan da iyalinsa shekara ashirin, ya huta da tashin mai gida da ƙarin haya, yana da dalilin biyan ɗan abin da ya ɗara lissafi, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba. Baffa ba zama zai yi ba, haya zai zuba ya ci da ita, saboda haka lissafin haya ne ya kamata ya yi masa jagora. Mun zauna da yamma a kan tabarma da biro da bayan kwalin magani, muka fitar da kuɗin fili a layin, da na gini, da gyaran silin, muka kuma ninka hayar sau 18. Hanyoyin biyu suka tsaya tsakanin miliyan 27 da 30. Ya taya 28.

"Haba Alhaji, ai wannan ko kai masa ba zan iya ba," in ji dillalin. Baffa ya ce ya kai dai, in an sallama ga lambarsa.

Bayan wata huɗu dillalin ya kira, ya ce mai gidan ya sauko zuwa 33. Baffa ya ce masa 28 ɗinsa tana nan, amma a fara kawo takardun ya kai a duba.